Ka Je Kurfi Ka Koyi Ƙirga

Dutsin-Ma, a rumfar fata, bayan la'asar.

Assalamu alaikum, Magaji.

Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya sauke ka ƙasar Italiya lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya dawo mana da kai da abin da ka je nema. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Daga ƙofar ɗakina zuwa taka bai fi taku goma sha biyu ba, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa kamar mai zama a Ikko. To ya zan yi? Kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka bakina bai taɓa kama sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, in ban da "an ba awaki ruwa?" da "ka yi salla?" Haka na tarar, haka ubana ya yi mani. Amma kwana goma sha ɗaya suka rage jirginka ya tashi, kuma akwai maganar da ta tsaya mani a wuya. Kwana uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajewa. In zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo in juya fatun da na riga na juya. Maƙwabcina mai sayar da gishiri har ya tambaye ni ko kunama ce a buzun nawa.

Bari in faɗi abin da nake so tun yanzu, kada in yi ta kewaye-kewaye har takarda ta ƙare. So nake ka je Kurfi wurin kawunka Sale, ƙanen mahaifiyarka, ya koya maka ƙirga da maganar kuɗi da harshen mutanen da za ka zauna cikinsu. E, Salen da ka sani. Wanda na hana a ambaci sunansa a gidana. Kada ka ninke takardar, ka daure ka kai ƙarshenta.

Watan jiya, da takardar ɗaukar nauyin karatunka ta iso, aka ce za ka je ka koyo jimar fata irin ta zamani, na riƙa jin wata mata a cikin wayarka ta bayan katanga. Kullum bayan la'asar tana cewa uno, duwe, tire, kai kuma kana maimaitawa. Ba ka san ina jinku ba. Ina zaune ina jan carbi, sai in tsinci kaina ina jansa da lissafin matar: kwattiro, cinkwe, sei, sette, otto, nobe, diyeci. Astagfirullah, rannan sai da na sake tasbihin daga farko. Kwana biyar aka yi ana haka, ran na shida na ji shiru. Na sa mahaifiyarka ta tambaye ka, ka ce mata wai ai da Turanci za a yi karatun, in kuma ka shiga kasuwa waya za ta fassara maka. Da ta kawo mani amsar nan, wallahi tuwo fita raina ya yi. Magaji, wannan maganata ce. Ni na fara yin ta, shekara ashirin da biyu da suka wuce, sai dai ni ba da waya na dogara ba, da mutum ne.

Amma bari in faro daga can baya, don ka san ciwon ya daɗe a jikina. Ina ɗan shekara goma sha bakwai, muna Tamawa, ƙafar kakanka ta kumbura, ya ba ni bijiminmu in kai kasuwa. Wani Alhaji mai saye yana kaiwa kudu ya taya, dillali ya sa baki, na sallama. Alhajin ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar ciki, ya miƙo mani a dunƙule, ya ce, "Ƙirga, yaro." Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Alhaji, ai ba komai." Gani nake in na ƙirga a gabansa kamar na kira shi ɓarawo ne. Na tako har gida hannuna bisa aljihu, ina jin kaina ɗa mai ladabi. Kakanka ya baje kuɗin a tabarma, ya ƙirga sau biyu, babu takarda biyu a ciki. Bai buge ni ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka ji kunyar Alhaji, ni kuma ka bar ni da zarginsa har in mutu." Har yau ban san ko da gangan mutumin ya yi ba ko hannunsa ne ya yi kuskure. Shi dai ya ce in ƙirga, ni na ƙi.

Saboda haka in aka miƙo maka canji a can, ko na ƙaramin kwabonsu ne, ka tsaya nan inda kake ka ƙirga, da bakinka, da harshensu, mai kanti na ji. Ba zagi ba ne. Ƙirgar nan ita ke hana ka kwana da zargin wanda bai ci maka komai ba. Ni da na ɗauki darasin nan tun ranar, da ba na zaune ina rubuta sauran abin da ke tafe.

Na tashi na dawo. Hadari ne ya taso ta gabas, na shigar da fatun da ke shanya, sai kuma ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ga hannuna duk gishiri, ka yi haƙuri da tabon da za ka gani a gefen takarda.

Kai ba ka san Sale ba sai daga nesa, to bari in gaya maka ko wane ne. Shekara tara ya yi yana tuƙa wa wani kamfanin 'yan Italiya masu yin hanya mota. A bakinsu ya tsinci harshen, ba a aji ba, har ya zama in ransa ya ɓaci da shi yake faɗa, yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ana ce mashi Sale Italiya, yana amsawa da dariya. Da aikin ya ƙare ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya ya dawo Kurfi. Ina sonsa, Allah Ya sani. Ƙanen matata ne, abokin wasana. In ya zo gidan nan sai ya tsame naman da ke cikin miyata ya ce la'adar yayarsa ce da ban gama biya ba. Kai kanka a wuyansa ka fara ganin kasuwar Dutsin-Ma, ba ka dai tunawa ne.

Shi ya zo mani da labarin wani Bature ɗan Italiya a Kano, mai sayen fatun awaki da tumaki yana aikawa ƙasarsu, kuma yana biya fiye da dillalan da ke yi mana wulaƙanci. Muka shirya mu kai mashi samfur. Ka san yadda muke yi, wa ke kai samfur da marar kyau? Na zaɓi talatin ɗin da suka fi kowace a rumfata, fiɗar Sarkin Fawa da hannunsa, ba huda, ba tabo.

Muna hanya Sale ya ce, "Yaya, kafin mu kai Kano bari in koya maka abu uku. Ƙirga zuwa goma, da ɗari, da dubu. Sai kwanto kosta, wato nawa ne. Sai wadda ta fi su duka, non o kafito, wato ban gane ba."

Na yi dariya har da dukan cinya. Na ce, "Ni da na yi shekara goma sha biyar ina cinikin fata, yau direba zai koya mani ciniki? To in ni zan yi yaren, kai mene ne amfaninka?"

Ya ce, "Yaya, kunne huɗu sun fi biyu."

Na ce mashi ya kula da titi.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma shi ne nake gani a bakinka yanzu. Tafinta komai gaskiyarsa, abin da ka bari ya faɗa maka kaɗai za ka ji. Wayar taka ma tafinta ce. Ranar da cajinta ya ƙare kana tsaye gaban mai gidan haya, ko mutumin ya yi magana da sauri ta hankaɗo maka shirme, wa za ka kama? Ba na ce ka zama limamin harshensu cikin kwana goma ba. Na ce lambar kuɗinka ta shiga kunnenka kai tsaye, ba sai ta bi ta hannun wani ba.

Muka isa siton Baturen. Wani dogo ne mai tabarau rataye da igiya a wuya, mu dai Mai Tabarau muke ce mashi. A bakin ƙofa ga manyan 'yan fatan Kano zaune bisa benci, sun sha shadda, suna ƙare mani kallo tun daga hula har takalmi. Mai Tabarau ya riƙa ɗaga fatuna ɗaya bayan ɗaya wajen hasken taga, ya shafa, ya shinshina, ya gyaɗa kai, sannan ya faɗi kuɗi. Sale ya juyo ya gaya mani da Hausa. Magaji, kuɗin ya kusa ninka abin da dillalai ke ba ni. Daga nan kunnuwana suka toshe. Baturen ya ci gaba da magana mai tsawo, yana nuna kusurwar sito ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Sale ya ce, "Yaya, ya ce wannan kuɗin na lamba ɗaya ne, akwai kuma..." Sai na taka mashi ƙafa. Alhazan Kano na kallona, ba na so a ce ga ɗan ƙauye nan sai an yi mashi dalla-dalla. Ina kuma tsoron in aka ja magana Baturen ya farga ya rage.

Sale ya rage murya ya ce, "Ka gane kuwa?"

Na ce, "Na gane. Ce mashi na sallama."

Ban gane komai ba. A wurinmu in ka sayi fata ɗari kuɗi ɗaya ne, mai kyau ta goya marar kyau, haka na tarar ana yi, haka na ɗauka duk duniya ke yi. Su kuwa kowace fata da matsayinta. Lamba ɗaya da kuɗinta, lamba biyu da nata, lamba uku da nata, ta huɗu kuma ko kyauta ba sa so. Abin da mutumin ya tsaya yana bayani ke nan. A hanyar dawowa Sale ya sake ɗauko zancen har sau biyu, na ce mashi fata dai fata ce, ya bar ni in yi lissafina.

Saura mako biyu Babbar Salla a lokacin. Na ce to, ga ranar da fata ke zama kamar ƙasa. Na hau keke na zaga Kurfi da Tamawa, na zo Makera da Kutawa, na bi mahauta da masu gidaje ɗaya-ɗaya. Na ce kowa ya aje mani fatar layyarsa, zan ba da kuɗin da ba wanda ya taɓa ba su, in na dawo daga Kano in biya. Suka yarda, don ba a taɓa jin na ci haƙƙin kowa ba. Har limamai na bi, da yake su ake kai wa fatu sadaka.

Ga abin da na sani sarai, amma kwaɗayi ya rufe mani ido: ranar layya kowa mahauci ne. Malamin makaranta, tela, mai gyaran keke, kowa ya wasa wuƙarsa. Sauri ake a kai ga hanta, wa ke ta fata? A huda nan, a tsarge can, a jefa ta bisa katanga cikin rana ba gishiri, sai an gama suya jibi a tuna da ita. Ni da aka haifa cikin sana'ar nan, ni na tara irin waɗannan kusan dubu biyu. Ranar da ake lodi Sale ya zaro guda daga cikin ɗauri, ya zura yatsa ta wata huda, ya ɗaga ta ya leƙo ni ta cikin hudar. Ya ce, "Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ce, "Ɗora, malam, rana na yi."

Da muka kai Kano, tun hantsi har la'asar Mai Tabarau na ɗaga fatun nan wajen taga yana jefawa kusurwa huɗu, yana ƙirgawa da ƙarfi da harshensu, akawunsa na rubutawa. Ni kuwa ina tsaye kamar kurma a wurin wa'azi. Lambobi na wucewa ta kunnena, ban san ko yana ɗari ba ko yana hamsin. Ina ganin kusurwa ta huɗu na tasowa har ta kai ƙuguna, ta farko kuwa ko gwiwa ba ta kai ba. Da na iya ko zuwa goma, da na bi shi ina ƙirgawa, da zuciyata ba ta sami sararin saƙa mani mugun zare ba. Da aka gama, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na yi wa mutane alkawari ba. Baturen bai cuce ni ba, in faɗi gaskiya. Har ya ɗauko fata guda ya shimfiɗa a gabana, ya nuna mani sawun wuƙa da yatsa, ya ce Sale ya tuna mani ya yi bayani tun farko. Ya kuwa yi.



Ranar kasuwar Kurfi aka taru a kaina a rumfar mahauta. Masu fata, da waɗanda ba su da ko wutsiya a ciki, kowa ya zo jin labari. Sarkin Fawa ya ce, "Malam Lawal, ina alkawari?"  Abu kaɗan ake nema daga gare ni a wurin nan, in ce an yi mani bayani ni ne ban gane ba, na kuma ƙi tambaya. Na buɗe baki in faɗa, na dubi idanun da ke kaina, sai na ji harshena ya ce, "Ku tambayi Sale, shi ke jin yarensu."

Yana tsaye a gefe, makullin mota a hannunsa. Ya dube ni. Ya juya ya fita.

Ban ce ya ci ba. Shekara ashirin da biyu ina lallashin kaina da haka, ai ban ce ya ci ba. Amma ka san kasuwa, kuma ni ma na san ta ranar da na yi maganar. Kafin a watse labari ya zama Sale da Bature sun raba. Direbobi suka karɓe akwatin ƙungiyarsu da yake riƙewa. Masu kaya suka daina ba shi lodi. Cikin shekara biyu ya sayar da motar, ya koma facin taya a bakin titi, inda kake ganinsa in kun wuce. Ni kuwa na sayar da fadamarmu ta Tamawa na biya kowa har kwabon ƙarshe, mutane suka riƙa nuna ni suna cewa, "Ka ga mutumin kirki, ya biya ɓarnar surukinsa." Na karɓi yabon nan, Magaji. Na sa shi kamar babbar riga na shiga taro da shi. Don kada maganar ta warware, na ɗaure fuska na hana a kira sunansa a gidana, har ni kaina na fara jin haushinsa kamar da gaske ya yi mani wani abu.

Kana tuna rasuwar kakarka ta wajen uwa? Kana ɗan shekara goma sha biyar. Muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, Sale ya zo ya miƙo maka hannu, kai kuma ka mai da naka bayanka ka kau da kai. Uwarsa ce aka binne ranar. Ina kallonku, kuma na ji daɗi, na ce ɗana ya san ciwon ubansa. Yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba laifinka ba ne, ni na koya maka. Hannun nan da ka ɓoye nawa ne.

To ga nasihata, ta wanda ya sha kaye ba ta malami ba. Ban san ƙasar da za ka ba, ba zan yi maka ƙaryar sani ba. Amma na san ko'ina lamba tana da abin da ke bayanta. In an faɗa maka kuɗin ɗaki, ka tambaya na wata ne ko na mako, da wuta da ruwa a ciki ko ban da su. In an faɗa maka kuɗin abu a kasuwa, ka tambaya na guda ne ko na kilo. In an ce za a ba ka kaza, ka tambaya yaushe, kuma me za a cire. Ka ce a rubuta maka, ka karanta a gaban mai rubutun. Lamba mai daɗin ji ita ce ta fi bukatar tambaya, don ita ke toshe kunne. In ba ka gane ba ka faɗa, ko sau goma a yini, ko ana dariya, ko akwai masu shadda bisa benci suna kallonka. Na san halinka, nawa ne. Na sha ganin ana yi maka kwatance kana cewa "to, to," alhali idonka ya nuna ka ɓace tun a kwanar farko. Matambayi ba ya ɓata, mu ne dai muka mai da tambaya abin kunya a gidan nan.

In kuma wata rana ka yi kuskure, kuɗi suka salwanta a hannunka, ka ce ni ne, nan take, kafin bakinka ya samo sunan wani. Asarar fata na mai da ita cikin shekara biyar. Waccan jumla guda har yau ban mai da ita ba.

Da safen nan na gaya wa mahaifiyarka. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, na tsaya a kanta ina ta kame-kame, sannan na faɗa mata duka, kamar yadda na rubuta maka. Ko tsayar da rariyar ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Tun ranar da kuka dawo ya gaya mani. Ya ce in yi shiru, gara a zage shi da a zagi uban 'ya'yana." Shekara ashirin da biyu matar nan na dafa mani tuwo, ba ta zuwa garinsu sai in an yi mutuwa, ba ta taɓa ko harara ta ba. Na rasa inda zan sa idona.

Sai ta karkaɗe hannu, ta shiga ɗaki, ta buɗe kwallarta ta can ƙasa, ta fito da wani littafi irin na 'yan firamare. Ta ce da Sale ya ji za ka Italiya, ya zauna a rumfar facinsa ya rubuta maka shi, ya aiko mata a ɓoye. Wata guda ke nan yana cikin kwalla, tana tsoron in gani. Ga shi nan bisa cinyata yanzu. Ya jera lambobi tun daga uno har mille, wato dubu, kowace da Hausarta a gefe. Ya rubuta yadda ake cewa ya yi tsada, da ina canjina, da rubuta mani. Kusan kowane shafi da sawun yatsansa na baƙin mai. A shafin farko, kafin ɗaya ma, ya rubuta da manyan baƙaƙe: non o kafito. A ƙasa ya sa, "Magaji, wannan za ka fara haddacewa." Bai ƙara ko kalma a kaina ba.

Ba zan ba ka littafin a gida ba. Daga hannunsa za ka karɓa.

Jibi kasuwar Kurfi ke ci. In Allah Ya kai mu, ka fito da babur da hantsi ka ɗauke ni. Za mu biya ta rumfar faci in roƙe shi ya biyo mu, in ya ƙi ba zan ga laifinsa ba. Daga nan sai rumfar mahauta, inda na yi waccan magana, a nan zan yi wadda ya kamata in yi tun farko. Sarkin Fawan da ya tambaye ni ya rasu, ɗansa ke riƙe da sarautar. Da yawa cikin waɗanda suka ji ni ranar sun riga mu gidan gaskiya suna ɗaukar Sale maci amana, kuma ba ni da hanyar kai masu gyara. Wannan shi ke tayar da ni tsaye in ina zaune. Amma waɗanda suka rage za su ji, kai ma ina so ka tsaya kusa da ni ka ji. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa na rubuta, don in jibi ƙafata ta yi nauyi, ka nuna mani takardar nan ka ce, "Baba, ga rubutunka."

In ya karɓi hannuna, alhamdu lillahi. In bai karɓa ba, kai dai ka durƙusa ka gaishe shi, ka miƙa mashi hannun nan naka, ka zauna a bencinsa ka fara daga ɗaya. Kwana tara za su rage maka. Sun isa mutum ya koyi ƙirga, in bai ce ya riga ya gane ba.

Allah Ya yi maka albarka, Magaji. Ya tsare gabanka da bayanka, a sama da ƙasa, a ruwa da tudu. Ya kare maka imaninka da sallarka, Ya ba ka halal komai ƙanƙantarsa, Ya raba ka da girman kai irin na ubanka. Allah Ya saka wa mahaifiyarka da Aljanna. Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, Ya sa ka tarar da mu da rai. Ni kuma ka taya ni da addu'a guda: Allah Ya sa jibi, in na yi sallama a bakin rumfar nan, Sale ya ɗago kai ya dube ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal mai fata.